Shekara guda babu katafila: cin kuɗi ake ko aiki?

Tambaya: Injiniya, an naɗa wani jami'i ya jagoranci aikin babbar gadar da muka daɗe muna jira. Yau shekara guda ke nan ko katafila ɗaya ba mu gani ba, kullum sai taro da takardu. Hankalina ya ƙi kwanciya. Anya ba a ofis ake cinye kuɗin ba?

Amsa: Malam, zarginka ba laifi ba ne, amma inda ka sa ido ba nan ɓarawo yake ba. Zuba kankare na ɗan kwangila ne. Shi jami'in, nasa shi ne ya tabbatar an haƙa an gwada ƙasar da ginshiƙai za su zauna a kai, an san iyakar da ambaliya take kaiwa, an biya masu filaye diyya, an kuma san daga ina kuɗin shekara ta uku za su fito. Daga baya, kada ya sa hannu a biya ko sisi sai an auna aikin.

Abin da ya ishe ni ji kullum shi ne wai ranar aza harsashi ce ranar fara aiki. Wannan tunani ya kashe ayyuka fiye da sata. Jama'a su matsa, 'yan siyasa su matsa, sai a turo katafila ta ture ciyawa a ɗauki hoto, alhali zanen bai kammala ba. Ɗan kwangila kuwa nan yake so, domin duk gyaran da aka yi wa zane bayan an sa hannu, sabon farashi ne, kuma babu mai takara da shi a lokacin. Har ma akwai masu kiran kansu ƙwararru da za su ce maka gwajin ƙasa ɓata lokaci ne, wai da ido suke gane ƙasa mai kyau. Da ido!

Dubi shahararren zauren waƙe-waƙe na birnin Sidni a Ostireliya. Firimiyan jihar New South Wales, inda birnin yake, a wancan lokacin, Joseph Cahill, ya matsa aka fara gini a 1959 tun ba a warware yadda rufin zai tsaya ba, don gudun kada ra'ayin jama'a ya juya. Ginshiƙan da aka zuba suka kasa ɗaukar rufin, sai da aka sake su. An yi ƙiyasin dala miliyan 7 ta ƙasar da kammalawa a 1963, aka ƙare da miliyan 102 a 1973.

Ban ce kowane shiru aiki ba ne, akwai fayil ɗin da ke kwana wata shida a tebur yana jiran sa hannun mutum ɗaya. Ku je ofishinsa a ƙungiyance ku ce ya nuna muku rahoton gwajin ƙasa, da jerin waɗanda aka biya diyya, da ranar da za a buɗe takarar kwangila. In shekara ta wuce ko ɗaya babu a hannunsa, to sai ku ɗaga murya.