Tambaya da Amsa: Ƙwayar Cutar da ke Shiga Ƙwaƙwalwa ta Hanci

Tambaya: Likita, na ji ana cewa akwai wata ƙwayar cuta a ruwan kududdufi mai cin ƙwaƙwalwar mutum. Yarana suna yawan wanka a tafki lokacin zafi. Shin gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, Malama, sai dai cutar ba ta da yawa ko kaɗan. Sunan ƙwayar Naegleria fowleri, an fara gano cutar a Ostareliya a 1965, kuma tana rayuwa ne a ruwan tafki ko kogi mai ɗumi, ba a ruwan teku ba. Shan ruwan ba ya jawo ta, mutum kuma ba ya shafa wa wani. Haɗarin yana zuwa ne idan ruwa ya shige hanci da ƙarfi, kamar lokacin da yaro ya yi tsalle ya nutse, domin daga nan ƙwayar take bin jijiyar jin ƙamshi har ta kai ƙwaƙwalwa.

Alamunta, wato zazzaɓi, matsanancin ciwon kai, amai da sanƙarewar wuya, sukan bayyana cikin kwana 1 zuwa 12, kuma sun yi kama da na sanƙarau, abin da ke sa a makara wajen gane ta. Fiye da kashi 97 cikin ɗari na waɗanda suka kamu a Amurka sun rasu.

A Karachi ta Pakistan an danganta kamuwar wasu mutane da shaƙa ruwan famfo marar isasshen sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, har da wajen alwala. Ki hana yaran nutso, kuma duk wanda ya nuna waɗannan alamu a garzaya da shi asibiti, a faɗa wa likita inda ya yi wanka.