Ɗana Ya Kafe Sai Ya Zama Kuku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama sakandare, ya ce shi makarantar koyon girki zai shiga. Me ke jan samari zuwa wannan sana'a, kuma tana da makoma kuwa? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ke jan su shi ne tsani. Kicin ɗin babban otal yana da muƙamai kamar bariki: shugaban kuku, mataimakinsa, mai kula da miya, mai gashi, mai kayan fulawa, sai masu koyo a ƙasa. Bafaranshen nan Auguste Escoffier, wanda ya yi kukun soja a yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870, shi ya daidaita wannan tsari lokacin da yake aiki a otal ɗin Savoy na Landan daga 1890. Yaro yana shiga ya ga matakin da zai taka gaba, ga shi sana'a ce da ake nema a otal, jirgin ruwa, asibiti da kamfanonin jiragen sama. Wasu kuma burinsu su buɗe nasu wurin.

Sai dai a gaya masa gaskiya: watannin farko wuƙa ce da wanke-wanke. Zai koyi yanka karas siriri, faɗin milimita 3, har hannu ya saba, yana tsaye sa'o'i masu yawa cikin zafi, ranakun da mutane ke hutu kuwa nan ne aiki ya fi yawa.

Inda sababbi suka fi faɗuwa shi ne tsafta, ba ɗanɗano ba. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyas, don haka abinci ko dai ya zauna da zafinsa ko ya shiga firji. Kaza ba ta nuna sai tsakiyarta ta kai digiri 74, kuma ma'aunin zafi ake sokawa, ido yana yaudara. Katakon da aka yanka ɗanyen nama a kai ba a ɗora masa ganye. Babbar tukunya ba a cusa ta firji da zafinta, tsakiyarta ba za ta yi sanyi da wuri ba. A rarraba a faranti marasa zurfi.

Sai lissafi. Yawanci ana so kuɗin kayan haɗi ya tsaya wajen kashi 30 cikin 100 na farashin faranti. Wanda ke ɗiba da hannu bai auna ba, riba a kwandon shara take ƙarewa.

Kafin ki biya kuɗin makaranta, ki tambaya: awa nawa ɗalibi ke yi a gaban murhu, kuma suna tura shi sanin makamar aiki a kicin na gaske?