Tambayoyinku: Wutar Kasko, Ƙuna, da Wanda Numfashi Ya Tsaya Masa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tuyar ƙosai da safe a ƙofar gida da gaz, buteli mai kilo 6. Kwanan baya mai ya kama wuta a kaskon maƙwabciyata, ta watsa ruwa, sai wuta ta tashi har rufin kwano. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu a Bukoki, Yamai.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ruwan nan shi ne ya ɓata lamarin. Man da ya kama wuta zafinsa ya haura digiri 300, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Ruwa ya fi mai nauyi, yana faɗawa sai ya nutse ƙasan kasko, nan take ya koma tururi, tururin ya watso man da ke ci sama. Lita ɗaya ta ruwa tana zama wajen lita 1,700 na tururi, ke nan ko kofi guda ya isa ya cika rumfa da wuta.

Abin yi shi ne ki rufe gaz tukuna. Sannan ki ɗauki murfin ƙarfe ko babban faranti, ki zura shi daga gefe ya rufe bakin kasko, fuskarki a baya. Da iska ta yanke, wuta za ta mutu. Kada ki buɗe don leƙawa, bar shi minti 30 ya huce, don mai mai zafi yana sake kamawa da ya shaƙi iska. Kada ki ɗauki kasko ki ruga waje da shi, nan ne ake iya ƙonewa a hannu da ƙafa. Garin alkama ma kada a zuba, ci yake yi. In wuta ta fi ƙarfinki, a fitar da kowa, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Tunda da gaz kike aiki, duba tiyo da detandar (kan da ake ɗaurawa a bakin buteli, mai daidaita fitar gaz) duk sanda kika canza buteli. Shafa kumfar sabulu a mahaɗa, in ta yi ƙwai-ƙwai, yana yoyo. Ashana ba abin gwaji ba ce. Gaz ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka in kin ji warinsa a ɗaki, buɗe ƙofa da taga, kada ki taɓa makunnin lantarki.

Tambaya: Ruwan shayi ya ƙona ɗana a hannu, kakarsa ta ce a shafa makilin. Daidai ne? Daga wani uba a Tawa.

Amsa: A'a, Malam, a yi wa Kaka bayani a hankali. Makilin, ɗanyen ƙwai da man shanu suna riƙe zafi a fata, suna kuma kawo ƙwayoyin cuta. Zuba ruwan famfo ko na randa a kan ƙunar har minti 20, ban da ƙanƙara. Cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fasa bororo, a rufe da tsumma mai tsabta. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron girma, ko ta fuska, hannu ko al'aura, sai asibiti.

Tambaya: Mutum ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ba ya numfashi. Me zan yi kafin motar asibiti?

Amsa: Girgiza kafaɗarsa ka kira shi. In bai amsa ba, ba numfashi ko sai gurnani jefi-jefi, nuna mutum ɗaya ka ce ya kira agaji. Kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a bisa na farkon, gwiwar hannu a miƙe. Danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kana barin ƙirji ya dawo bayan kowace dannawa. In an koya maka, hura masa iska sau 2 bayan dannawa 30. Ko haƙarƙari ya yi ƙara, ci gaba. Kada a ɗura masa ruwa a baki. Ku riƙa karɓar juna duk minti 2, hannu yana gajiya da wuri. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta Nijar tana koyar da wannan a kan mutum-mutumin roba.