Amsoshin Tambayoyinku: Banjo a Tsofaffin Waƙoƙin Rok da Pop

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu ɗaya, wato banjo, abin kiɗan nan na Amurka mai fata kamar ta ganga da dogon wuya, wanda amonsa ke fitowa a wasu fitattun waƙoƙin Turawa na shekarun 1960 da 1970. Na zaɓi guda biyar, na taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji wata waƙar ƙungiyar Eagles a rediyo, wani kiɗa mai sauri da ke tashi a cikinta ya burge ni, aka ce mini banjo ne. Waɗanne waƙoƙi zan nema, kuma faifai zan saya ko in je wurin masu tura waƙoƙi a waya? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Ina kyautata zaton "Take It Easy" ka ji, wadda ta fito a 1972, kuma Bernie Leadon ne ya kaɗa banjon da ke ninka saurin waƙar yayin da ta miƙa. Daga nan ka nemi "Old Man" ta Neil Young, ita ma ta 1972, inda James Taylor ya kaɗa banjo mai tsirkiya shida a hankali, ba tare da gudu ba. Idan kana son ka ji yadda ake gina waƙa hawa-hawa, saurari "Gallows Pole" ta Led Zeppelin ta 1970, wadda take farawa da jita kaɗai, sannan mandolin, wani ƙaramin abin kiɗan tsirkiya, ya shigo, kana Jimmy Page ya shigo da banjo a daidai lokacin da ganguna suka shigo. Akwai kuma "Stop Stop Stop" ta Hollies ta 1966, da "Sweet City Woman" ta Stampeders, 'yan Kanada, ta 1971, da "Squeeze Box" ta The Who ta 1975. Sai dai ka sani cewa ba kowacce ce ake kunnawa a gaban iyaye da ƙanne ba, domin kalmomin "Squeeze Box" suna da harshen damo irin na batsa, ita kuwa "Gallows Pole" labarin rataya ne mai ɗaci. Haka nan sanannen kiɗan "Dueling Banjos" ya yi suna ne ta dalilin fim ɗin Deliverance na 1972, to ka saurari kiɗan, amma fim ɗin ba na kallon iyali ba ne ko kaɗan.

Batun saye kuwa, ɗalibi ba shi da haɗi da faifan garmaho. Sai ka nemi na'urar, ka nemi allurarta, sannan zafin watan Afrilu ya lanƙwasa maka faifan a ɗakin kwanan ɗalibai. Faifan CD masu arha da ake rubuta musu cewa sun tattara fitattun waƙoƙin shekarun 1970 su ma ina jan kunnenka a kansu, domin da yawansu wasu makaɗa ne daban suka sake rera waƙoƙin, kuma banjon da kake nema shi ne abu na farko da yake ɓacewa. Masu turi a kasuwa sukan matse waƙa har amonta ya dushe, wani lokaci su haɗa maka da cutar da za ta lalata memorinka. Ka yi amfani da datar dare ka saurare su a shafukan mawaƙan na YouTube, ko a Spotify, wanda ya fara aiki a Nijeriya tun 2021, ka ajiye kuɗinka.

Tambaya: Malam, na iya jita daidai gwargwado. Wane irin banjo ya dace da ni? (Wani makaɗi daga Jos)

Amsa: Ya danganta da amon da kake bi. Mai tsirkiya shida ana ɗaure shi ne kamar jita, saboda haka yatsunka sun riga sun san hanya, kuma shi zai ba ka irin abin da ke cikin "Old Man". Amma gudun nan mai kama da zubar ruwa da ka ji a waƙar Eagles daga mai tsirkiya biyar yake fitowa, wanda tsirkiyarsa ta biyar gajera ce, maɗaurinta yana tsakiyar wuya, kuma babban yatsa ne ke bugunta a kai a kai. Wannan salo na yatsu uku, da ake sanya wa faratan ƙarfe da na roba, wani makaɗin Amurka mai suna Earl Scruggs ne ya shahara da shi tun da ya shiga ƙungiyar Bill Monroe a 1945, kuma koyonsa sabon karatu ne ko ga gwanin jita. Mai tsirkiya huɗu na kiɗan jaz da na ƙasar Ayalan ne, kada wani mai shago ya liƙa maka shi don kawai shi ne ya rage masa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na ga wani yana tallar sabon banjo ƙirar Gibson a Facebook, dal a kwalinsa, a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa uku ba. Ya ce in tura rabin kuɗi yau domin wani ma yana so. In tura? (Wani ma'aikaci daga Kaduna)

Amsa: Kada ka tura ko sisin kwabo. Kamfanin Gibson ya daina ƙera banjo tun bayan ambaliyar da ta auka wa birnin Nashville na Amurka, inda yake ƙera su, a 2010, saboda haka duk wanda ya ce maka yana da sabo fil daga masana'anta a wannan farashi, ko dai jabu yake sayarwa, ko kuma ba shi da komai sai hoton da ya ɗauko daga intanet. Tsohon Gibson na gaskiya, musamman samfurin Mastertone da aka fara yi a shekarun 1920, dubban daloli ake sayar da shi, kuma ko a Amurka masana sukan kwance shi su duba ciki kafin su yarda, domin an daɗe ana haɗa sassan da ba na asali ba ana manna musu sunan. To, idan waɗanda suka tashi da abin suna yin wannan taka-tsantsan, ina dalilin da zai sa kai da ba ka taɓa riƙe shi ba ka amince da hoto uku da muryar mutumin da ba ka san unguwarsu ba?

Abin da ke ci mini rai a irin waɗannan wasiƙu shi ne cewa masu rubuto su ba jahilai ba ne. Mutumin da zai je kasuwar Kwari ya murza shadda a tsakanin yatsunsa, ya ɗaga ta a rana, ya zagaya shago biyar kafin ya saya, shi ne kuma zai tura albashinsa ga baƙo saboda an ce masa wani ma yana so. Wannan magana ta "wani ma yana so" ita ce tsohuwar dabarar da ake hana mai saye tunani da ita, kuma duk cinikin da ba zai iya jiran kwana biyu ba, ba naka ba ne. Bayan an tura kuɗin sai a fara jin cewa kaya sun maƙale a kwastan, a ƙaro wani abu, sannan direba yana neman na mai, daga nan lambar ta daina shiga. Kunya kuma ta hana mutum faɗa wa kowa, shi ya sa mayaudarin ke samun na gaba da shi cikin sauƙi.

Ba na ƙin kayan Sin, kada a fahimce ni a baibai. Kamfanoni irin su Gold Tone da Recording King suna sayar da banjo masu kyau da ake ƙerawa a Asiya, kuma da sunansu suke sayarwa, ba su ɓoye ba. Deering kuwa a Kalifoniya yake yin samfurinsa na masu koyo mai suna Goodtime. Matsalar tana wurin abin da aka rubuta masa sunan da ba nasa ba, domin wanda ya yi ƙarya a kan suna ba zai yi gaskiya a kan katako da ƙarfe ba. Idan har ka samu wanda za ka gani da idonka, ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, domin banjo mai marufin baya da zoben tagulla a ciki yakan kai kilo biyar, na jabu kuwa da aka yi da alminiyum sakayau yake. Ka kanne ido ɗaya ka dubi wuyan daga kai zuwa gindi ka ga ko ya karkace. Ka bi ƙarafunan da ke kwance a kan wuyan da yatsa ka ji ko bakinsu yana yanka. Ka murɗa kowane maɗauri, musamman na tsirkiya ta biyar, ka ga ko yana sulɓewa da kansa, ka kuma ƙirga ƙugiyoyin da ke ɗaure fatar ka tabbatar babu wadda ta ɓalle.

Sannan ka yi lissafin abin da ke biyo baya. Shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari a Kano da na Alaba a Legas sun fi cika da jita da kibod da ganguna, domin su ne coci-coci da masu kiɗan biki suke saye, don haka tsirkiyar banjo sau da yawa sai an yi odarta daga waje da dala, ga kuɗin jirgi, ga na kwastan. Wanda bai tanadi kuɗin tsirkiya ba, ranar da ɗaya ta tsinke abin ya koma kayan ado a bango. Idan kana da ɗan'uwa da zai dawo daga Ingila ko Amurka, ka roƙe shi ya saya a shagon da ke ba da rasit, ya haɗo maka da tsirkiya ƙunshi uku da akwatinsa. Idan babu, ka yi haƙuri har a samu.

Tambaya: Idan na sayi mafi tsada, zan iya kaɗawa kamar na cikin waƙoƙin nan kafin bikin abokina wata mai zuwa? (Wani matashi daga Maraɗi)

Amsa: A'a. Kuɗi ba ya sayen yatsu, kuma waɗanda ka ji sun yi shekaru suna fama kafin a ɗauki amonsu. Idan kiɗan tsirkiya kake so a bikin, ka ɗauko mai gurmi ko mai molo ka biya shi haƙƙinsa. Su da banjo dangin juna ne ma, domin bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma ne suka fara ƙera banjo da ƙwarya da fata a tsibiran Karibiyan, kuma masana suna yawan kwatanta shi da akonting, wani abin kiɗan tsirkiya na mutanen Jola na Gambiya da Senegal.

Tambaya: Baba, mahaifinmu ya rasu bara. Ya bar wani banjo da ya zo da shi daga Ingila lokacin da ya yi karatu a can a shekarun 1970, kuma da shi yake bin waƙoƙin da yake so. Da hunturun nan na buɗe akwatin na tarar fatar ta tsage. Hankalina ya tashi, ina ganin sakacina ne. Ko ya lalace ke nan? (Wata baiwar Allah daga Katsina)

Amsa: Allah ya jiƙansa da rahama, ya ba ku haƙurin rashinsa. 'Yata, ki kwantar da hankalinki, bai lalace ba, kuma ba laifinki ba ne. Fatar da ta yi shekara kusan hamsin a ɗaure tana tsagewa ko a hannun wa take, balle ga iskar hunturu da ke tsotse danshi daga fata da katako. A jikin banjo, fata abar sauyawa ce kamar tsirkiya, an ma yi ƙugiyoyin da ke kewaye da ita ne domin a riƙa kwancewa.

Abin da za ki fara yi shi ne ki sassauta tsirkiyoyin duka. Ɗan katakon da suke hawa a kai, wato jakin, ba a manne yake ba, zai faɗo da kansa, sai ki naɗe shi a ƙyalle ki ajiye a cikin akwatin. Kada ki bari kowa ya sa wa fatar gam, kada kuma ki kai wa kafinta, domin ƙusa ɗaya ko fenti ɗaya yana iya yin ɓarnar da ta fi tsagewar. Ki auna faɗin bakin da tef. Yawancin na zamani inci 11 ne, kuma kamfanin Remo yana yin fatar roba ta wannan awo wadda ba ruwanta da hunturu ko damina, amma tsofaffin na Ingila sukan zo da awo daban, saboda haka kada a yi oda sai an auna. Idan ba a samu daidai ba, fatar akuya da aka jeme da kyau tana yi, da ita da fatar maraƙi aka saba amfani kafin zuwan roba, kuma mai haɗa kalangu da ya ƙware zai iya ɗaura ta idan mai gyaran jita ya tsaya tare da shi. Bayan an gyara, ki ajiye shi a akwatinsa nesa da taga da bangon da rana ke duka, kada a bar shi a but ɗin mota, kuma da hunturu ki sa ɗan soso mai laima a cikin gidan sabulu mai huji ki ajiye a gefensa, ba tare da ya taɓa katakon ba.

Idan wani ya taya, kada ki yi gaggawa. Kayan gado ne, sai da yardar sauran magada, kuma kafin a yi maganar farashi ki ɗauki hoton sunan da ke kan wuyan da duk wata lamba ko takarda da ke cikin ƙoƙon, ki turo mini in duba miki ko wane kamfani ne ya ƙera shi.