Wasoso ne ko Ganima?

Tambaya: Malam, da aka fasa rumbunan tallafin korona a watan Oktoban 2020, na ji wasu na cewa an yi wasoso, wasu kuma na cewa an kwashi ganima. Shin ma'anarsu ɗaya ce?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, ba ɗaya ba ce.

Wasoso shi ne jama'a su yi ca a kan abu, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Ka dubi yara in an watsa musu alewa a gidan suna: wannan ya dunƙule uku a hannu, wancan ya taka ɗaya da ƙafa don kada a riga shi, ƙaramin cikinsu kuwa sai ya tashi da ƙasa kawai. To wannan shi ne asalin hoton. Babu layi, babu mai rabo. Shi ya sa mutum ɗaya ba ya wasoso. Idan shi kaɗai ne a ɓoye, sata ce. In da makami ya tare hanya, fashi ne. In daga hannunka ya fizge, ƙwace ne. Akan kuma ce an wawashe kaya, ko an daka musu wawa, kuma wannan wawar ba ta da dangantaka da wawan nan maras hankali.

Ganima kuwa ararriya ce daga Larabci, kuma kalmar yaƙi ce mai ƙa'ida. Dukiyar da aka samu daga abokan gaba a fagen fama, akan tara ta wuri guda, a fitar da humusi, wato ɗaya cikin biyar, kamar yadda aya ta 41 ta Suratul Anfal ta faɗa, sannan shugaba ya raba saura ga mayaƙa. Wanda ya soke ko da allura kafin rabo, ya ci haram.

Saboda haka wanda aka gani a Jos ya saɓo buhun masara ta rufin kwanon da aka yaye, da wa ya yi yaƙi? Wa ya fitar da humusi? Ni dai kunnena ba ya son jin "ganima" a nan, don riga ce ta halal ake sa wa abin. Na san da yawa cikin zolaya suke faɗa, amma ɗan jarida bai kamata ya ɗauki zolaya ya sa a kanun labari ba.

Wanda ya ɓoye kayan talakawa tun farko kuma, nasa fi'ilin daban ne: wawure. Shi ba ya gumi, biro ya ishe shi.