Wankin ciki, maganin ƙarin jini da shinkafa: amsoshin tambayoyinku

Wani mai karatu daga Gusau ya rubuto: "Kullum a tasha ina jin masu tallar magani da lasifika suna cewa dattin ciki ne ke hana abinci shiga jiki. Ina ci amma ba na ƙiba. In riƙa sayen maganin wankin ciki duk wata?"

Malam, kada ka saya. Bari mu bi hanyar da loma ke bi, ka duba ko akwai inda datti ke maƙalewa.

A baki aiki ke farawa. Cikin yawu akwai sinadarin da ke mayar da sitaci sukari. Ka tauna burodi ka daɗe ba ka haɗiye ba, za ka ji zaƙi na fitowa. Daga nan loma ta gangara tumbi, inda wani ruwa mai tsananin tsami ke kashe ƙwayoyin cuta da dama, ya fara narka nama da wake da ƙwai. Bayan 'yan sa'o'i, idan abincin ya damu, sai tumbi ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji. A suna ne kawai yake ƙarami, tsawonsa ya kai kimanin mita 6. Nan ruwan madaciya, wanda hanta ke haɗawa, ke zubowa ya farfasa maiƙo, wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas ta kawo nata sinadaran su ƙarasa aikin. Bangon hanjin nan cike yake da 'yan tsiro-tsiro kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci su miƙa wa jini. Ragowar ta wuce babban hanji, a janye ruwanta, a fitar da ita. Fatar cikin hanji ma kan sabunta kanta cikin 'yan kwanaki. To ina dattin shekara da shekaru zai zauna?

Yawancin waɗannan magunguna zawo kawai suke sa mutum. Abin da ke fita ruwan jikinka ne da gishirinsa, kuma sakayau ɗin da kake ji bayan haka galabaita ce. Abin da ya fi damuna shi ne na cikin gorar ruwa, babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da aka zuba. Mai ci yana ramewa gwaji yake buƙata, domin ciwon suga da tarin fuka da tsutsar ciki duk suna kawo haka. Kuɗin kwalbar nan ka kai asibiti a auna ka.

Wata uwa daga Argungu ta ce: "Yarona ɗan shekara 3 tafin hannunsa ya yi fari, ba ya son cin abinci. Wane maganin ƙarin jini zan saya a kemis?"

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki fara kai shi a duba jininsa. Maleriya na cin jini, tsutsa na cin jini, sikila ma haka, kuma kwalbar ƙarin jini ta kemis ba ta warkar da ko ɗaya cikinsu. Maganin tsutsa araha ne, ana ba yaro tun daga shekara 1, ma'aikacin lafiya zai faɗa miki ƙa'idarsa.

Sai abin da ke hannunki. Ayon, sinadarin da jiki ke yin jini da shi, a farkon ƙaramin hanji ake tsotsarsa, kuma na kifi da nama da hanta ya fi na ganye saurin shiga. Ku da ke bakin kogi, ko ƙananan kifi ne ki daka ki zuba masa a miya. Na wake da zogale yana son rakiyar lemon zaƙi ko tumatir ko gwaba. Shayi kuwa tare shi yake yi, don haka kada ki haɗa masa shayi da abinci. Kwaɗon zogale ki sa masa ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa, domin bitamin A sai da maiƙo yake ratsa hanji. In likita ya rubuta maganin ayon, ki adana shi inda hannun yara ba ya kaiwa, yawansa guba ne.

Iyayen Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, wannan ta fi shafarku: hanjin yaron da ayon ya yi wa ƙaranci ya fi tsotsar dalma.

Daga Jega an tambaya: "Shinkafar gida turarriya ko fara sol ta kanti?"

Ta gida. Turara shinkafa tun tana cikin ɓawonta kan tura bitamin B daga dusa zuwa cikin ƙwaya, turarawar ce kuma ke sa ta yi ɗan ja. Wadda aka goge fes ba a turara ba ta rasa mafi yawansa. A tsince tsakuwa, a wanke, a dafa da ruwa daidai yadda za ta shanye, domin in an tace an zubar, bitamin ɗin na bin ruwan.