Faranti ɗaya, ɗakunan gwaji biyu, kowa da nasa sakamakon

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin sayen farantan sola masu yawa, an rubuta wat 550 a jikin kowanne. Dillalin ya nuna mini takardar wani ɗakin gwaji da ta ce 556. Ni kuma na aika faranti ɗaya wani ɗakin, suka ce 545. Wa ya yi ƙarya? In fasa cinikin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar fasawa, mai yiwuwa babu maƙaryaci a cikinsu. Ana auna faranti ne bisa sharaɗi guda a duk duniya: hasken wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, zafin digiri 25, da launin hasken rana da ake kira AM1.5. Sai dai ba da rana ake awon ba galibi, da fitila ake yi mai kwaikwayonta, kuma fitilar wannan ɗaki ba ta zama daidai da ta wancan. Zafi ma yana da nasa: farantin silikon yakan rasa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a duk digiri ɗaya da ya ƙaru.

Ka duba ƙasan takardun biyu, za ka ga adadi da alamar ±. Nan ne ɗakin yake faɗin iyakar kuskurensa. Idan kowanne ya rubuta kashi 2, to wat 11 ke nan sama ko ƙasa, kuma tazarar da ke tsakanin 545 da 556 ba ta wuce hakan ba. Takardar da ba ta da wannan adadi, ni dai ba na ba ta muhimmanci, komai kyan tambarinta.

Sannan ka tambayi kowane ɗaki da me ya daidaita fitilarsa. Akwai ƙwayar sola ta musamman da ake yin wannan da ita, kuma ya kamata asalinta ya koma ga manyan ɗakunan gwaji na ƙasa irin su PTB a Jamus ko AIST a Japan. Su kansu manyan sukan zagaya da ƙwaya ɗaya a tsakaninsu don kwatanta sakamako, domin sun san ba sa faɗuwa daidai ɗari bisa ɗari. Ka kuma nemi shaidar ISO/IEC 17025, wato takardar da ke tabbatar da ƙwarewar ɗakin gwaji.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka daban ne. Takardar dillalin ta farantin da ka aika ce, ko ta wani ce da kamfani ya zaɓo don nuni? Gwada lambar da ke jikin farantin da wadda ke takardar. In sun saɓa, ba abu ɗaya ake magana a kai ba. Kafin ka biya, ku rubuta a yarjejeniya sunan ɗakin gwaji guda da kuka amince da shi, kai ne kuma za ka ɗebo farantan gwajin daga cikin kayan da hannunka, aƙalla uku.